Yadda Za Ka Mayar da Fitilar Lambar Motarka Ta Koma LED da Hannunka

Fitilar lambar baya ita ce fitilar da mai mota ba ya ganinta tana ci, don duk sanda take aiki shi yana gaba riƙe da sitiyari. Shi ya sa takan mutu ta yi wata da watanni ba a sani ba, sai ranar da aka tsaya a shingen bincike da dare, a hanyar Illela ko ta Gusau, jami'i ya zagaya baya da tocila ya dawo ya ce lamba ba ta karantuwa. Ni na koyi aikin wayar mota a Buzaye, a nan Sakkwato, tun ina saurayi, kuma ko da yake yanzu ba da shi nake cin abinci ba, 'yan uwa da maƙwabtanmu na Mabera ba su daina kawo mini irin waɗannan ƙananan ayyuka ba. Wannan kam bai kai a je wurin rewaya ba. Duk mai iya riƙe sukundireba zai yi shi tsakanin La'asar da Magariba, har ya zauna ya huta.

Bari in fara cire maka wani zato. Masu sayarwa kan ce LED, wato ƙwan zamani mara zare a ciki, zai hutar maka da batir. A fitilar lamba wannan magana ba ta taka kara ta karya ba. Tsohon ƙwan gilashi wat 5 yake ja, guda biyu wat 10 ke nan, LED kuma kusan wat ɗaya kowanne. Ragin gaskiya ne, amma motar da ke ɗaukar fitilun gaba masu wat 55 kowace ba za ta ji shi ba. Amfanin yana wani wurin. Ƙwan gilashi yana da siririn zare a ciki wanda yake yin ja-wur kafin ya ba da haske, kuma yana zaune ne a jikin murfin but, wanda ake bugawa kullum, ga gargadar hanya. Girgiza ce ke tsinka zaren. LED ba shi da zare. Sannan tsohon ƙwai yana gasa robar da ke rufe da shi har ta yi rawaya ta dushe, LED mai kyau bai kai shi zafi ba. Haskensa kuma fari ne, lamba tana fitowa raɗau.

Kada ka je kasuwa sai ka ciro tsohon ƙwan ka riƙe a hannu. Iri biyu ne ke yawo a motocinmu. Na farko ɗan ƙarami ne mai gindi a baje, wanda ake turawa cikin soket kawai. Shi za ka ga an rubuta W5W ko T10 a kwalinsa, motocin da suka fito daga Amurka kuma 194 ko 168 suke kiransa, duk gindinsu ɗaya. Corolla da Camry da Accord yawanci shi suke ɗauka. Na biyu dogo ne mai hular ƙarfe a kowane kai, yana kwance tsakanin ƙarafa biyu masu matse shi, ana rubuta masa C5W. Za ka same shi a motocin Jamus da yawa, irin su Golf 4 da tsofaffin Marsandi. Shi wannan tsawonsa ne abin lura: akwai mai milimita 31, da 36, da 39, da 41. Wanda ya gaza zai riƙa karkarwa a wurin yana ɗaukewa, wanda ya yi tsawo kuma sai ka banƙare ƙarafan kafin ya shiga, daga nan sun saki ke nan. Ka ɗora tsohon kusa da sabon a kan teburin mai shago ka gwada da ido.

A shagunan kayan mota na wajen Sahara za a zube maka kala-kala, kuma a nan ne nake so ka natsu, don aikin gaba ɗaya a zaɓen ƙwai yake. Mai shago zai fara miƙo maka wanda ya fi yawan idanu, wato ƙananan murabba'an da ke ba da haske, ya jona a batir ya haska maka fuska, ya ce, "Alhaji, wanga shi aka yayi yanzu." Ka ce ya ajiye. Lambar Najeriya farin fenti gare ta mai maido da haske, da rubutu shuɗi ga motar gida, ja ga ta haya, kore ga ta gwamnati. Idan ka zuba mata haske fiye da kima, farin yakan yi ƙyalli ya cinye rubutun, mutum yana bayanka yana ganin allo mai walƙiya amma ba ya iya karanta harafi ɗaya. In motarka tana da kyamarar ribas abin ya fi muni, don kyamarar tana maƙale ne dab da fitilar, da dare sai ka ga hoton ya yi fari fat. Ƙwai matsakaici, mai ɗan fin tsohon haske, shi ya dace.

Sai launi. A kwali za ka ga lamba da harafin K a ƙarshenta. Daga 4000K zuwa 6000K fari ne, na ƙasa yana ɗan karkata zuwa ruwan madara, na sama fari tas. Daga 8000K ya fara komawa shuɗi. Shuɗin haske a kan shuɗin rubutu, ka ga ai an ɓata goma ɗaya ba ta gyaru ba. Masu sa ja ko kore ko mai ƙyaftawa kuwa, ina roƙonsu su bari. Ƙa'idar hanya farin haske ta sani a kan lamba, 'yan Rod Sefti da VIO suna da hujjar tsayar da kai a kan wani launi, kuma hujjar tasu mai kyau ce. Ranar da wata mota ta buge ɗan makaranta a Gawon Nama da dare ta wuce, abin da ya rage wa mutanen wurin shi ne wanda ya iya karanta lambarta. Ni ina ɗaukar wannan fitila haƙƙin mutanen da ke bayana, ba kwalliyar motata ba.

Ka juya ƙwan a tafin hannunka ka duba shi da kyau. Waɗannan ƙananan murabba'ai masu ruwan ƙwai su ne idanun. A ƙarƙashin rawayan akwai ɗan ƙanƙanin LED mai shuɗin haske, rawayan sinadari ne da ke haɗuwa da shuɗin ya ba da fari. Zafi yana cin wannan sinadari, shi ya sa ƙwai mai arha kan fara da fari, bayan ɗan lokaci ya rikiɗe ya yi shuɗi-shuɗi, ya kama ƙyafce-ƙyafce, ya mutu. To ka tuna inda muke. A watan Afrilu da Mayu zafin Sakkwato yana haura digiri 40 a inuwa, balle murfin but na ƙarfe da ya wuni a rana. Ga shi kuma idan inji yana aiki wutar mota ba 12 take tsayawa ba, tana kaiwa wajen bolt 14. Don haka ka nemi mai jikin alminiyam ko na tangaran, wanda ke fitar da zafi, ka bar mai jikin roba zalla mara nauyi. Osram da Philips suna yin nasu, sun fi tsada, kuma akwai jabunsu a gari, sai ka duba rubutun kwali da tsabtar aikin. Ka kuma lura da inda idanun suke kallo. Ƙwan gilashi ko'ina yake watsa haske, LED kuwa inda ya fuskanta kawai. Idan soket ɗinka a kwance yake, mai idanu a gefe kake buƙata, in ba haka ba hasken zai tafi cikin roba ya bar lambar a duhu. Tsawo ma haka: wasu T10 na LED sun fi na gilashi tsayi, murfi ba ya rufuwa a kansu.

Masu Marsandi da BMW da sababbin Volkswagen suna da ƙarin magana ɗaya. Kwamfutar motar tana auna wutar da kowane ƙwai ke ja, in ta ga ta yi kaɗan sai ta ɗauka ƙwan ya mutu, ta kunna alama a dashbod. Sai ka nemi wanda aka rubuta wa CANbus, yana da abin da ke ƙara jan wuta a ciki don kwamfutar ta yarda. Amma shi yana ɗaukar zafi sosai. In motarka tsohuwar Corolla ce ba ruwanka da shi, kada a ce ya fi kyau ka biya kuɗin banza.

Yanzu aikin. Ka ajiye mota a inuwa, ka kashe inji, ka kashe fitilu, ka zare makulli. Idan fitilar ta jima a kunne ka ba tsohon ƙwan minti biyar, yana ƙona yatsa. Ka tanadi sukundireba mai baki baje da mai sita, da tsumma mai tsabta, da ɗan guntun samfefa mai laushi.

A yawancin motocin Japan ta ciki ake shiga. Ka ɗaga but, za ka ga shimfiɗar da ke rufe da cikin murfin, an kafe ta da 'yan maɓallan roba. Ka ɓalle waɗanda ke daidai bayan lamba, ka ja shimfiɗar gefe, za ka ga soket biyu da wayoyinsu. Ka murɗa soket hagu kaɗan, kamar rubu'in zagaye, zai fito. Ƙwan kuma jawo shi ake yi kai tsaye, ba a murɗawa. A wasu motocin ta waje ne: ko dai kusoshi biyu ƙanana ne ke riƙe da murfin, ko kuma maƙale yake, sai ka naɗe bakin sukundireba da tsumma ka tura ta gefen da ke da ɗan tsagi, ka danna, ka ɗago a hankali. A hankali nake cewa da gaske. Robar da ta sha ranar garin nan shekara da shekaru ta bushe kamar ɓawon gyaɗa, in ka matsa mata za ka ji ƙas, haƙorin da ke riƙe ta ya tafi, sai neman na Beljiyam. Kusar da ta yi tsatsa ka ɗiga mata ɗan mai ka jira, kada ka cinye kanta da ƙarfi.

Kafin ka sa sabo, ka leƙa cikin soket ɗin. A nan za ka ga aikin hunturu: jar ƙura ta shige ta daskare, damina ta zo ta jiƙa ta, ƙarafan sun yi kore ko baƙi. Ƙwai da yawa da ake zubarwa lafiyarsu ƙalau, datti ne ya raba su da wuta. Ka naɗe samfefa siriri ka goge ƙarafan har su yi haske, ka hure. Murfin robar ka wanke shi ciki da waje da ruwa da sabulu, ka bari ya bushe sarai. Kada ka kusanto da fetur ko tina, suna dusar da roba. Wani lokaci wankin nan kaɗai yakan ninka hasken da ke fita. Kuma kada ka sa bakin sukundireba tsakanin ƙarafan nan biyu alhali fitila tana kunne. Fis zai ƙone, kuma fis ɗin nan a motoci da yawa shi ne na fitilun baya gaba ɗaya, a Toyota za ka ga an rubuta masa TAIL.

Ka tura sabon ƙwan, ka kunna fitilar fakin tun kafin ka mayar da komai. In bai kama ba, kada ka zargi mai shago tukuna. LED ta hanya ɗaya wuta take bi ta cikinsa, sai ka kashe, ka zare, ka juya shi ɗaya gefen, ka mayar. Wani maƙwabcina dattijo ya taɓa zuwa da nasa a fusace zai koma kasuwa, na ce, "Baba, ƙwan ga bai mutu ba, kawo shi nan." Na juya, ya kama. Akwai waɗanda ake yi yanzu masu ci ta kowane gefe, amma kada ka dogara da hakan. In ya kama yana ɗaukewa idan ka taɓa, siraran wayoyin da ke gindin T10 ne ba su kai ga ƙarfe ba, ka ɗan buɗa su waje da farce. Mai dogon ƙwai kuma ya juya shi har idanun su kalli lambar, ya ɗan matso ƙarafan su riƙe shi gam. Ka canza duka biyun lokaci ɗaya, don fari a dama rawaya a hagu ba ya kyan gani.

Wajen mayarwa ka duba siririyar robar da ke zagaye da murfin ko soket ɗin. Ita ke tare ruwan masu wankin mota, waɗanda ke harba injin feshi kai tsaye a wurin. In ta tsage, ka shafa ɗan silikon siriri a gefen. Ban da sufa gulu, don wata rana za ka so buɗewa. Kusoshin kuma da sun kama ka tsaya, ƙarin murɗa ɗaya yana tsaga murfin. Bayan Magariba ka kunna, ka ja da baya kamar taku ashirin, ka karanta lambarka harafi-harafi. In ta karantu ba ƙyalli, kuma ba ka hango ƙwan da kansa yana dukan ido, aiki ya yi. Tsofaffin ƙwan in suna da rai ka naɗe su a takarda ka jefa a aljihun dashbod.

Idan ka juya ƙwai, ka goge soket, fis lafiya, fitilun baya suna ci, amma ta lamba shiru, to ka dubi inda wayoyi ke ratsawa daga jikin mota zuwa murfin but, kusa da hinji, cikin wata baƙar roba mai lanƙwasa. Buɗewa da rufewa na shekaru yana karya waya a ciki, roba a waje lafiya lau. Wannan ka kai wa rewaya, ka ce ya yanke wurin da ya gaji ya ƙara sabuwar waya mai laushi ya haɗa da dalma, kada ya murɗe bakin biyu ya naɗe da salatif, don a wurin da ke motsi kullum murɗi ba ya daɗewa.