Saita Madubin Taurari da Aka Sayo Daga Kudu

Idan mazaunin madubinka, wato abin da ke ɗauke da shi mai injin bin taurari, na hannu ne daga Afirka ta Kudu ko Ostireliya, kuma taurari na ta tserewa a hoto, kar ka yi saurin zargin injin. Galibi saitinsa na can ne.

1. Duba maɓallin N (arewa) da S (kudu), kamar na jikin mazauni samfurin Star Adventurer. Mayar da shi N. A kudancin duniya sama tana juyawa ne ta ɗaya hannun, don haka injin da ke kan S baya yake bi.

2. Shiga manhajar saita mazaunin ka gyara wuri. Misali, Kaduna tana kusan digiri 10.5 arewa, 7.4 gabas. Ka goge alamar ragi da ke gaban lambar farko, ita ce ke nufin kudu. Yankin lokaci kuma +1, wato agogon Najeriya.

3. Idan manhajar na nuna maka Sigma Octantis, tauraron da ake saiti da shi a kudancin duniya, to har yanzu tana kudu. Mu Polaris, tauraron arewa, muke nema.

4. Sauke kan mazaunin zuwa digirin arewa na garinku, 10.5 in a Kaduna kake, ka fuskanci arewa. Nan ne wahalar take, domin Polaris ƙasa-ƙasa yake a wajenmu, katangar maƙwabci ko bishiyar mangwaro ta isa ta rufe shi, balle ƙurar hunturu. Wasu mazaunan ma ba sa sauka haka sai ƙarfen nauyi mai daidaita madubin ya bugi ƙafar mazaunin.

5. In Polaris bai ganu ba, yi amfani da saitin wurare uku na NINA, manhajar ɗaukar hoton taurari, ba ya buƙatar ganinsa. Ka riƙa murɗa kusoshin saita mazaunin a hankali har kuskuren ya ragu.