Takardar zamanki a Amurka ba ta hannun mai dukanki

Ina aikin tafinta a Bronx da ke birnin New York, kuma maganar da na fi ji daga bakin matanmu ita ce: “Ya ce in na kai ƙara zai sa a mayar da ni gida.” 'Yar'uwa, ba shi da wannan ikon.

Tun 1994 akwai dokar VAWA, wato dokar kare mata daga cin zarafi. In mijinki ɗan ƙasa ne ko yana da girin kad, ke da kanki za ki cika fom I-360 ki aika wa USCIS, hukumar shige da fice ta Amurka, ki nemi takardar zamanki. Ba a biyan kuɗin fom ɗin, ba a neman sa hannunsa, kuma doka ta hana jami'ai su sanar da shi. Namijin da matarsa ke cuta ma dokar ta shafe shi.

Abin da za ki nuna: auren gaskiya ne, kun zauna tare, ya cuce ki. Cutar ba sai da duka ba; ƙwace fasfo, kulle ki a ɗaki, barazana da 'ya'ya, duk suna cikin lissafi. Fara tara shaida tun yau: takardar aure, hotunan biki, takardar haya mai sunanku, saƙonnin WhatsApp, takardar asibiti, hoton rauni. Rahoton 'yan sanda yana taimakawa, amma ba dole ba ne. Kada ki ajiye komai a wayar da yake dubawa. Ba wa aminiya, kuma adireshinta za ki sa a fom, don wasiƙa ɗaya ta faɗa hannunsa ta isa ta tona ki.

In ya riga ya sake ki a kotu, shekara 2 gare ki daga ranar sakin ki aika fom ɗin, kada ki yi sanya.

To in shi ma ba shi da takarda fa? Sai bizar U, wadda ake ba waɗanda aka yi wa laifi irin su cin zarafi a gida. Ita kam sai kin ba 'yan sanda ko mai gabatar da ƙara haɗin kai sun sa miki hannu. Guda 10,000 ake bayarwa a shekara, jira yakan kai shekaru.

Na san za a ce ki yi haƙuri, a je wajen liman a sasanta. Ki je in kina so, amma ki fara ganin lauyan shige da fice. Ƙungiyoyin agaji suna da na kyauta. Ki faɗa masa in a masallaci kawai aka ɗaura auren, ko in kina da kishiya, domin hakan yana canja hanyar da za a bi. Lambar agaji ta ƙasa ta waɗanda ake cuta a gida ita ce 1-800-799-7233, dare da rana. Ki ce a haɗa ki da tafinta.