Yadda Ake Rubuta Asalin Mugu a Labarin Duniyar Danniya na Matasa

Marubucin da ya yi niyyar nuna yadda mugun labarinsa ya zama mugu yana da matsala tun daga shafin farko, domin mai karatu ya riga ya san inda tafiyar za ta ƙare, kuma abin da zai riƙe shi kawai shi ne son ganin inda yaron ya saki hanya. Misalin da za mu bi shi ne littafin The Ballad of Songbirds and Snakes na marubuciyar Amurka Suzanne Collins, wanda ya fito a 2020, ya koma baya shekara 64 kafin labarin The Hunger Games domin nuna ƙuruciyar Coriolanus Snow, azzalumin shugaban Panem, ƙasar da aka ƙaga a labarin.

Ka fara da abin da yaron yake tsoron rasawa. Snow maraya ne ɗan shekara 18 daga babban gida da yaƙi ya karya, yana zaune da kakarsa da 'yar uwarsa Tigris suna ɓoye talaucinsu. Miyar kabeji yake sha a gida, amma ranar babban taro sai ya fita da tsohuwar rigar mahaifinsa, wadda Tigris ta gyara ta sa mata maɓallai daga ƙananan duwatsun adon banɗaki. Rigar nan kaɗai ta isa ta shaida wa mai karatu cewa raini ya fi yunwa ci wa yaron rai. Ka samo wa naka yaron abu guda irin wannan, wanda hannu zai iya taɓawa.

Daga nan ka sa tsarin mulkin ya riƙa biyan sa lada a kan abin da zai lalata shi. An naɗa Snow mai ba da shawara ga Lucy Gray Baird ta Gunduma ta 12 a gasar kisa karo na 10, wadda ake tilasta wa yaran gundumomin ƙasar su kashe juna a cikinta, kuma ficen da za ta yi shi ne hanyarsa ta samun kuɗin shiga jami'a. Saboda haka idan ya kai mata abinci, ba mai iya rabe tausayi da lissafi, har shi kansa.

Kuskuren da ya fi yawa, a ganina, shi ne a ɗora muguntar baki ɗaya kan masifa guda, a kashe wa yaro uwa a babi na biyu sannan a ce shi ke nan, ya zama dodo. Wannan uzuri ne ake nema masa, alhali marayu sun cika duniya ba su zama azzalumai ba. Maganinsa shi ne ka jera masa zaɓi hawa-hawa, kowane hawa tilas tana raguwa, son rai yana ƙaruwa. Snow ya fara kisa ne a filin gasa yana kare ransa. Na biyu, ya harbe 'yar magajin gari don kada ta tona asiri. Na uku bai ɗaga makami ba, ya naɗi maganar tawaye ta abokinsa Sejanus Plinth da wani tsuntsu mai maimaita murya, ya aika wa hukuma, aka rataye shi. Na ƙarshe guba ya sa wa shugaban makarantarsu cikin natsuwa, babu mai korar sa. Sejanus yana da wani amfanin kuma: makarantarsu ɗaya, zaluncin da suka gani ɗaya, amma shi ya ƙi yarda da shi, wanda hakan ya toshe bakin mai cewa zamani ne ya tilasta wa Snow.

Wajen murya, ka tsaya kusa da zuciyar yaron, ka bar shi ya yi ta wanke kansa da hujjojinsa ba tare da ka tsoma baki da wa'azi ba. Matasa suna gane ƙaryar da mutum yake yi wa kansa, musamman idan suka ji yana kiran mallaka da sunan soyayya.

Kada ka raka shi har kan karagar mulki, ka ajiye alƙalami a inda komawa baya ta gagara. Bayan Snow ya rabu da Lucy Gray, wadda ta zama masoyiyarsa, a dajin Gunduma ta 12 inda suka gudu tare, ruwa ya lalata hodar mahaifiyarsa da hotunan iyalinsa, ya zubar da su, na'urar nuna alƙibla ta mahaifinsa ce kaɗai ta tsira. Ya koma babban birni, iyayen Sejanus kuma, da ba su san wanda ya ci amanar ɗansu ba, suka mai da shi magajin dukiyarsu.