Takardu na hanya, ƙafa na ƙaiƙayi: kurakuran da ma'aurata ke yi a kan iyakar Amurka

An ɗaura aure, an sha biki, ango ya koma Amurka ya shigar wa amarya fom ɗin I-130, na nema mata izinin zama a can. Daga nan sai jira. Fayil zai kwana a hannun USCIS, hukumar shige da fice ta Amurka, in ta amince ya wuce cibiyar tattara takardun biza ta NVC da ke Portsmouth a jihar New Hampshire, sannan a aika shi ofishin jakadancin da zai yi intabiyu. Ga 'yan Najeriya Legas ne, ba Abuja ba. Abin kan ci shekara, wani lokaci fiye. A cikin wannan jira ne ƙafa ke fara ƙaiƙayi, kuma yawancin fayilolin da na ga sun lalace ba takarda ce ta lalata su ba. Tafiya ce da aka yi a lokacin da bai dace ba, ko maganar da aka faɗa a bakin iyaka.

Kuskuren da ke haifar da sauran shi ne rashin sanin layin da mutum yake. Layi biyu ne. Akwai wadda take gida, Kano ko Maraɗi ko Kumasi, tana jiran bizar aure, wato CR-1 ko IR-1. Akwai kuma wadda ta riga ta shiga Amurka ta shigar da fom ɗin I-485 don a ba ta katin zama na dindindin, girin kad, ba tare da ta fita ba. Ta farko haɗarinta wajen shiga yake, ta biyu wajen fita. Sai ka ga an ɗauki shawarar da ta dace da ɗaya an ba ɗaya a zauren WhatsApp, an kuma haɗa da rantsuwa cewa "wallahi ƙanwar matata haka ta yi". Wataƙila ta yi, amma a wane layi take? Ina cewa "wadda" ne don sauƙin magana kawai, mazan da ke jiran matansu su ɗauke su ma duk wannan ya shafe su.

Mu fara da ta gida. Babu dokar da ta hana wadda ake nema wa bizar aure kai wa mijinta ziyara da bizar baƙunci ta B-2, in tana da ita. Amma sashe na 214(b) na dokar shige da ficen Amurka ya ɗauki duk mai neman shiga da bizar baƙunci a matsayin mai niyyar zama, har sai ya nuna ba haka ba ne. Mace mai miji a can da fayil a kwamfuta, nauyin da ke kanta ya ninka. Biza kuma izinin isa bakin ƙofa ce kawai. Jami'in hukumar kwastam da tsaron iyaka, CBP, da ke filin jirgi shi ke da ta cewa.

A nan ne ake tafka mafi munin kuskure, wato ɓoye auren. Jami'i ya tambaya, "Wurin wa kika zo?" Ita kuma an riga an yi mata huɗuba tun daga gida cewa kada ta kuskura ta ambaci miji, sai ta ce, "Wurin yayana." Alhali sunanta da ranar haihuwarta suna jikin I-130, adireshin da ta bayar kuma shi ne na mijin. Ramin ƙarya ƙurarre ne, a nan ma ko taku biyu bai kai ba. Ƙarya da gangan a kan abin da ke da tasiri wajen ba da izinin shiga tana jawo haramci na har abada. Akwai afuwar da ake nema da fom ɗin I-601, amma sai an tabbatar cewa mijin zai shiga matsanancin hali in ba a bar matar ta shigo ba, kuma kewa da kaɗaici kaɗai ba su isa hujja ba. Haka ma a fom ɗin neman bizar baƙunci, DS-160, akwai tambaya ƙarara: shin wani ya taɓa shigar miki da takardar neman zama? Masu cike wa mutane fom a shagon intanet sun saba danna "a'a" a jere ba tare da sun tambaya ba. Ki karanta da idonki kafin a tura, domin sunanki ne a kai, ba nasu ba.

Gyaran ba shi da wuya a faɗa. A gaya wa jami'i gaskiya a taƙaice: na zo ganin mijina na sati uku, ya shigar mini da takarda, zan koma in jira intabiyu a Legas, ga tikitin komawa. A riƙe wasiƙar wurin aiki mai nuna ranar da hutu zai ƙare, ko shaidar makaranta, ko ta shago, da takardar karɓar fayil da USCIS ta aiko. Duk da haka yana iya cewa a'a. In ya bari mutum ya janye buƙatar shiga da kansa, za a soke bizar baƙuncin a sa shi a jirgi, amma fayil ɗin aure na nan da ransa, sai dai a bayyana abin da ya faru ranar intabiyu. In kuwa korar gaggawa aka rubuta, haramcin shekara biyar ne. Saboda haka kada a sa hannu a takardar da ba a gane ba, a nemi tafinta.

Akwai kuma shaidar da akwati ke bayarwa. Ki ɗauka an kai mace ɗakin bincike na biyu, ta ce sati biyu za ta yi. Aka zuge akwatin farko: tukwane sababbi, labule, turaren wuta kwalba shida, kuka da daddawa da kuɓewa busasshiya na wata shida. Aka zuge na biyu: ainihin takardun WAEC da na digiri, da takardar haihuwa, da hotunan biki a firam. Wa zai yarda wannan baƙuwa ce? Ko a garinmu, in mace ta sauka daga mota da irin wannan kaya, kowa ya san tarewa ta zo yi. Jami'an suna da ikon duba waya ma, kuma saƙon "na bar Najeriya ke nan, sai wata rana" da aka tura wa ƙawaye ya isa ya rufe magana. Kilishi dai a bar shi gida gaba ɗaya, nama ba ya wucewa.

Wasu kuma su shiga lafiya, sai miji ya ce, "Tunda kin zo, zauna kawai mu shigar da I-485." In tun daga gida da wannan niyya aka taso, to an yi amfani da bizar baƙunci don abin da ba nata ba, kuma tambayar za ta taso. Ma'aikatar harkokin wajen Amurka tana da ƙa'idar kwana 90 tun 2017: wanda ya aikata abin da ya saɓa wa bizarsa cikin kwana 90 da shigarsa, jami'in jakadanci zai iya ɗauka cewa tun farko ƙarya ya yi. Mutane sun mai da wannan lissafin yatsu, wai a rana ta 91 an tsira. Ba haka ba ne, niyyar ranar shiga ake dubawa. In wani abu ya sauya da gaske bayan an shigo, rashin lafiya ko makamancinta, lauyan shige da fice za a nema kafin a taɓa kowane fom.

Sai rikita ranar ƙarewar biza da ranar da aka ce a fita. Wa'adin zama yana jikin takardar shaidar shiga, I-94, ana duba shi a shafin CBP na intanet. Wanda ya zarce shi ko da kwana ɗaya, bizarsa ta mutu. Wanda ya zarce fiye da kwana 180 sannan ya fita, haramcin shekara uku ya hau kansa, in shekara ɗaya ce ko fiye, shekara goma. Dokar 1996 ce ta kawo wannan. Ku lura da kalmar "ya fita", domin fitar ce ke tayar da haramcin. Shi ya sa shawarar "koma gida kawai ki jira intabiyu" ke zama guba ga wadda ta riga ta zarce wata takwas. Irin wannan mata akwai afuwar I-601A da ake nema tun ana cikin ƙasar, kafin a sayi tikiti.

Yanzu ga ta ciki, mai I-485 a hanya. Ƙa'idarta gajera ce: in ta bar Amurka ba tare da takardar izinin fita da dawowa, Advance Parole, a hannunta ba, an ɗauka ta yi watsi da fayil ɗinta. Ana neman takardar da fom ɗin I-131. Masu bizar aiki irin H-1B da L-1 ba su cikin wannan tarko, amma mai B-2 ko bizar karatu tana ciki dumu-dumu. Kuma shigar da I-131 ba samu ba ne. Na sha jin "ai mun nema, tana hanya, miji zai aiko mini da ita ta DHL." A'a. A jira ta zo, a riƙe ta, a duba ranar ƙarewarta, sannan a tafi. Kuɗin I-485 tun Afrilun 2024 dala 1,440 ne, kuma ba a mayarwa. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya.

Abin da ke fitar da mutanenmu ba yawon buɗe ido ba ne. Waya ce ke shigowa da asuba: Baba ya rasu, ko Inna na asibiti ana neman ki. Ko kujerar Umara ta samu a Ramadan. A lokacin nan zuciya ba ta jin lissafi, kuma ban ga laifin kowa ba. Amma akwai hanya. USCIS na ba da Advance Parole ta gaggawa a ofishinta na yanki, ana kiran layinsu a nemi ranar ganawa, a je da takardar likita ko shaidar rasuwa tare da fassararta zuwa Turanci, da hotuna, da shaidar cewa I-485 na hanya. Jana'iza dai ba za a same ta ba, mu da ke binnewa a ranar. Zaman makoki da ganin mahaifiya kuwa ana iya samu ba tare da an rushe shekara biyu na wahala ba. Shi ya sa nake ganin wautar ƙin shigar da I-131 tun farko don tsimin dala 630. Umara kam tana iya jira.

Ƙetare iyaka kuma ba sai da jirgi ba. Ma'aurata sun je kallon ruwan Niagara, aka ce ai ɓangaren Kanada ya fi kyau, ga gadar Rainbow nan ana takawa da ƙafa. Wannan fita ce. Jirgin ruwan shaƙatawa da ke tsayawa a Bahamas ko Meksiko ma fita ce. A Detroit da Buffalo har kuskuren hanya na jefa direba kan gadar Ambassador ko ta Peace, inda ba wurin juyawa, kuma ko Kanada ta maido da kai, gaban jami'an Amurka za ka tsaya su duba matsayinka.

Ita ma Advance Parole ba ta tilasta wa jami'i ya buɗe ƙofa, kuma ƙofar ƙasashenmu na motsi. A farkon 2020 an dakatar da bizar zama ga 'yan Najeriya, aka ɗage a Janairun 2021. A Yunin 2025 Chadi da Sudan suka shiga jerin ƙasashen da aka hana shiga. A Yulin shekarar aka mai da yawancin bizar baƙunci ta 'yan Najeriya ta wata uku, shiga ɗaya. A Disamba kuma aka faɗaɗa jerin, Nijar ta faɗa rukunin cikakken haramci, Najeriya rukunin taƙaitawa. Mai shirin fita ya duba sanarwar da ke aiki a satin tafiyarsa, ba wadda ta yi aiki lokacin da maƙwabcinsa ya je ya dawo ba.

Mijin ma yana da nasa kurakuran. A wurinmu waliyyi da wakili ke ɗaura aure, ango na iya kasancewa a Bronx yana sauraro ta waya. A addini aure ya ɗauru. A dokar shige da ficen Amurka kuwa auren da ba a halarta tare ba bai zama aure ba sai ma'auratan sun haɗu sun tare bayan ɗaurin. Wanda ya shigar da I-130 kafin ya zo gida, ya gina a kan yashi. Ya zo tukuna, ya ajiye tikiti da hatimin fasfo da hotuna. In kuma girin kad gare shi ba ɗan ƙasa ba ne, kada daɗin amarci ya riƙe shi. Wata shida a waje na jawo tambayoyi, shekara guda ba tare da izinin sake shiga ba na iya cinye katin, kuma fom ɗin ɗaukar nauyi, I-864, na buƙatar mazauninsa ya kasance Amurka. Sai batun da ba a son faɗa: wanda ya zo ganin uwargida ya ƙara aure kafin ya koma. Dokar Amurka ta hana shiga ga mai zuwa don zaman mace fiye da ɗaya, tambayar na cikin fom ɗin neman bizar zama, DS-260, kuma hotunan bikin na Facebook.

Ko bayan biza ta fito akwai sauran lissafi. Wa'adinta ba ya wuce wata shida, yana iya gazawa in gwajin likita ya kusa ƙarewa, don haka ranar da ke jikin bizar za a bi, ba ranar bikin ƙanwa ba. A biya kuɗin USCIS na buga kati ta intanet, zai fi kyau kafin a tashi. Sannan a duba ranar ɗaurin aure. Wadda ta shiga kafin aurenta ya cika shekara biyu, katin shekara biyu mai sharaɗi za a ba ta, daga baya sai sun shigar da fom ɗin cire sharaɗin, I-751, da sabon kuɗi da sabuwar shaida. Wadda ta shiga bayan ya cika, ko da CR-1 aka buga mata a fasfo, katin shekara goma ya kamace ta. In saura sati biyu auren ya cika shekara biyu, bizar kuma na da sauran wata uku, a ɗaga tikitin. Ranar sauka a nuna wa jami'in takardar aure, a ce masa ya duba kwanan watan.