Yadda za ka zagaya Gidan Wasan Kwaikwayo na Ƙasa da ke Legas

In ka sauka Legas kana son ganin ginin nan na Iganmu, shawarata ka bar mota. Ka hau jirgin ƙasa na Blue Line daga Marina ko Mile 2, akwai tasha mai sunan gidan. Da katin Cowry ake biya, don haka ka tanade shi tun da wuri. Daga kan gadar jirgin ne ma za ka fi ganin siffar rufin, wadda kowa ke cewa hular hafsan soja ce.

Kafin ka shiga, ka san abin da kake kallo. An fara ginin a zamanin Gowon, aka gama a 1976 lokacin Obasanjo, saboda FESTAC, bikin al'adun baƙaƙen fata na duniya na 1977, wanda aka yi hawan dabarsa a Kaduna. Kamfanin ƙasar Bulgeriya ne ya gina shi, kuma fasalin an ɗauko shi ne daga wani zauren wasanni da al'adu na birnin Varna da ke can ƙasar. Babban zauren an yi shi don mutum 5,000, ga ɗakunan sinima biyu da zauren taro.

Daga baya aka yi watsi da shi. Rufi na yoyo, na'urar sanyaya ɗaki ta mutu, babban zauren ya shekara da shekaru a kulle. A 2020 gwamnati ta miƙa shi ga Babban Bankin Najeriya da kwamitin shugabannin bankuna su gyara. A 2024 aka sa masa sunan marubuci Wole Soyinka, aka sake buɗe shi ranar 1 ga Oktoba, 2025.

To, in ka shiga, kada sabon fenti da kujeru su ɗauke maka hankali, wannan kowane ɗan kwangila zai iya. Ɗaga kai ka duba silin, ko akwai tabon ruwa. Tsaya ka ji ko sanyi na kaiwa kujerun can sama. Leƙa banɗaki ka murɗa famfo. Iganmu fadama ce, danshi da iskar gishiri su ne abokan gabar ginin tun asali, shi ya sa ni a wurina ainihin aikin yana cikin bututu da wayoyin wuta da magudanan ruwa, inda mai ɗaukar hoto ba ya zuwa.

Sannan ka nemi abin da ba a canza ba. Zanen da ke zagaye da ginin daga waje na mai zane ɗan Najeriya Erhabor Emokpae ne, ka ba shi lokaci, ka bi shi a ƙafa a hankali.

Ka bincika ranar da ake wasa kafin ka tafi, domin zaure ba a gane ingancinsa sai da murya a cikinsa. Ka zauna layin baya, ka ji ko maganar ɗan wasa na iso ka. In wasan dare ne, ka tambayi lokacin jirgin ƙarshe tun kana sauka a tasha.