Baka bayan bututu: kurakuran da masu koyon R suka fi yi

Jiya da marece ƙanena ya shigo gida nan Birni da ordinata a hannu, memuwar yake rubutawa da R, harshen kod ɗin nan na lissafin bayanai, ya ce "yaya, kod ɗin abokina ne na kwafa, a wajenshi yana tafiya, ni ya ƙi." Da na duba, wallahi baka biyu ne suka cinye mishi yini guda, parantez ɗin nan da muka sani tun lakkol.

Matsalar ita ce R bututu biyu gare shi, wato alamar da ke miƙa abin da ke hagunta ga fonksiyon (umarnin) da ke damanta, kuma kowane da dokarshi. Tsohon, %>% na magrittr (wani ƙunshin kod da ake ƙara ma R), ba ruwanshi, ko ka rubuta x %>% head ko x %>% head() duk ɗaya ne. Sabon kuwa, |> da ya zo da R 4.1.0 a 2021, in ka rubuta x |> head ba baka to tun kafin ya fara aiki zai tsaya. Gyaran: ka sa () kullum, ko a inda ba dole ba, hannunka ya saba.

Sai maganar ɗigo. A %>% ɗigo ne ke riƙe ma bayananka wuri, a |> kuwa _ ne, shi ma sai daga 4.2.0, kuma dole ka kira sunan gurbin da bayanan za su shiga cikin fonksiyon, kamar data a lm(y ~ x, data = _). Fonksiyon marar suna ma sai ka rufe shi cikin baka sannan ka ƙara wasu a wutsiya: x |> (\(d) d + 1)(). Waɗannan na ƙarshen kowa na mantawa.

Amma wanda ya fi tada min hankali shi ne wanda ba ya yin ƙara. Rubuta 2 + 7 |> sqrt() a R, kana jiran 3 sai ka ga 4,65 don bututun 7 kaɗai ya ɗauka, ba jan rubutu ba komai, haka lambar za ta shige tablo har gaban malami. Rubuta (2 + 7) |> sqrt().

In ka leƙa Julia kuma, wani harshen kod daban, abin ya juye, alama ɗaya ce amma can 2 + 7 |> sqrt ake rubutawa ba baka, ya ba ka 3.0, in ka sa () ne zai ƙi. Shi ya sa na ce ma ƙanen nawa kafin ya sake kwafo kod ɗin wani, ya fara buga R.version.string ya ga wane R ne ke kan mashin ɗinshi, tsoho ko sabo.