Yadda Ɗalibin Adabi Zai Mallaki Baƙin Kalmomi a Tsofaffin Waƙoƙin Hausa

Ɗalibin da ya fara nazarin rubutattun waƙoƙin ƙarni na 19, irin waɗanda Nana Asma'u da sauran malaman Sakkwato suka bari, yakan tarar cewa Hausar da ya tashi da ita ba ta isa ta kai shi ƙarshen baiti ba. Abin da ya kamata ya fara yi shi ne ya karanta waƙar gaba ɗayanta a bayyane, yana ja wa kowace kalmar da ta shige masa duhu layi da fensir, ba tare da ya buɗe ƙamus ba tukuna. Dalili kuwa shi ne rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti (wato hawa da saukar murya a kalma), shi ya sa "gari" na mazaunin jama'a da "gari" na tuwo suke zuwa da siffa ɗaya a takarda. Tun da an gina waɗannan waƙoƙi a kan awon gaɓar kalma mai nauyi da marar nauyi (wato doguwa da gajera), rerawa kaɗai takan fito da kalmar da ido ya kasa ganewa.

Bayan haka sai ya tambayi kansa daga ina kowace kalma ta fito, domin asalinta ne zai nuna masa ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Kalmomi irin su hisabi, mizani, siraɗi da zuhudu aro ne daga Larabci, kuma a ganina malamin zaure ya fi kowane ƙamus iya warware su, saboda zai haɗa ma'anar da koyarwar addinin da mawaƙin yake nufi. Wasu kuwa ba baƙi ba ne sam, karin harshe ne kawai: Basakkwace yakan ce "shina" inda Bakano zai ce "yana", ya ce "biyat" a maimakon "biyar", ko "hwaɗi" a maimakon "faɗi". Wanda ya riƙe waɗannan sauye-sauye ya rage wa kansa aiki mai yawa. Kashi na uku su ne kalmomin da zamani ya tafi da abin da suke nufi, kamar lifidi da sulke na mayaƙan dawakai, ko zambar ta ƙidayar kuɗin wuri, ko madugu mai jagorancin ayarin fatake. Waɗannan sai a kai su wurin dattawa da ma'aikatan fada, waɗanda har yanzu suke ganin lifidi a hawan salla.

Sai a wannan mataki ne ƙamus zai yi cikakken amfani. Ƙamusun Hausa zuwa Turanci na Bature Bargery na 1934 yana da amfani ƙwarai ga tsofaffin kalmomi, domin yana nuna karin sauti, yakan kuma ambaci yankin da ake faɗin kalma. Na Bature Abraham na 1949, shi ma Hausa zuwa Turanci, cike yake da misalai da karin magana, shi kuwa Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da ya fito a 2006 da Hausa yake bayani. A nemi kalma a tilonta idan jam'i ce, a nemi tushen aikatau (wato kalmar aiki) idan ya sauya siffa, sannan kada a ɗauki ma'anar farko da aka gani sai an mayar da ita cikin baitin an ga ta zauna daidai.

A keɓe littafi guda don wannan aiki, a riƙa rubuta kowace kalma tare da baitin da ta fito a cikinsa, da ma'anarta, da wurin da aka samo ma'anar, domin kalmar da aka raba da baitinta ba ta daɗewa a ka. Bayan mako guda a sake karanta waƙar ba tare da duba littafin ba, kalmomin da suka sake tsayar da mai karatu kuma a kai su gaban malamin aji ko a tattauna su da abokan karatu.